Giyar Motar Tsere a Riyad da Shirun Murtala

Tun da na dawo daga Riyad ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayi na bakin kasuwar Panteka sai wani ya matso, wai Oga Haruna da gaske ne motar tana ɗaga tayoyin gaba sama? Wani kuma ya rantse an ba ni mota kyauta na ɓoye ta a Zariya. Na ba da labarin nan har bakina ya yi tsami, kuma duk sanda na ji shi a bakin wani sai in tarar an ƙara masa gishiri. Shi ya sa na sayi littafi da biro, in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata ashirin da bakwai ina gyaran giyar mota otomatik, wadda ke canza kanta. Sunan da na yi a Kaduna na laushin hannu ne. In na gama aiki nakan ɗora kofin shayi a gaban mota in ce mai ita ya ja. In giya ta canza shayin ya zube, kada ya sake kira na oga. Alhazai da Hajiyoyi daga Abuja suke zuwa saboda wannan.

Murtala ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na koya masa riƙe sufana. Shekararsa shida a Riyad. Wata Asabar ya kira ni, murya can ƙasa. Kafilinsa, wato mutumin da takardar zamansa ta iƙama ke hannunsa, wani Balarabe ne Abu Nayif, mai garejin motocin tsere. Yana da wata tsohuwar motar Amurka mai silinda takwas, an ƙara wa injinta ƙarfi har doki ɗari bakwai, kuma giyarta ta ƙone sau biyu a hannun Murtala. Abu Nayif ya ce in ta ƙone na uku ba zai sabunta masa iƙama ba, ga shi saura mata wata ɗaya da 'yan kwanaki. Murtala na da mata da yara huɗu a Rigasa, ga Inna, ga ginin da ya fara ko linta bai kai ba. Da ya rasa mafita sai ya ce wa mutumin yana da yaya a Najeriya wanda giya ke jin muryarsa ta nutsu. Abu Nayif ya ce a kawo shi.

Na yi masa faɗa a waya kamar yadda na saba, na ce shekara shida bai iya duba kuloci ba. Amma ina ajiye wayar na shiga ɗaki na rufe ƙofa na taka rawa ni kaɗai. Ni Haruna da ko Legas sau biyu na taɓa zuwa, wai ni ake aiko wa biza da tikitin jirgi.

Daga Kawo na hau mota zuwa Kano. Tun kafin Jaji na ji giyar motar tana zamewa, na gaya wa direban a matsayin taimako. Bai sake yi mini magana ba har Na'ibawa. A filin jirgi kuma aka tsinci sufanata mai lamba goma a jakar hannu, wadda ta girmi ɗana na fari. Na yi magiya, na ce ko kaza ba a yankawa da ita. Jami'in ya ce doka ce, ya jefa ta a kwando tare da almakashin wata tsohuwa. Muka yada zango a Alƙahira na wasu awoyi, inda na ci wani burodi mai wake da ban san sunansa ba, washegari da hantsi muka sauka a Riyad.

A wurin buga fasfo ne na ga ta kaina. Ana ɗora yatsu a kan wani gilashi na'ura ta karanta. Na ɗora, shiru. Na sake, shiru. Fetur da ƙarfe sun cinye zanen yatsuna tun tuni, ni ban ma sani ba. Layin bayana ya fara tsaki da harsuna kala-kala, ni kuwa gumi ya jiƙa mini hula, ina tunanin za a mayar da ni Kano ban ko ga motar ba. Jami'in, wani matashi mai gajeren gemu, ya juya hannuna ya duba, ya ce, "Mikaniki?" Na gyaɗa kai. Ya yi murmushi, ya nuna mini in goga yatsun a goshi. Ashe maiƙon gumin ne maganin abin. Na goga, na ɗora, fitila ta yi kore.

Murtala na tsaye a bakin fita. Yana gani na ya rusuna har ƙasa a tsakiyar mutane, Larabawa na kewaye shi da akwatunansu. Na ga furfura a gemunsa, abin ya taɓa ni, amma abin da ya fito daga bakina shi ne ya yi ƙiba. A hanya na yi ta neman ɗan acaɓa ko mai tallan fiya wata, ban ga ko ɗaya ba. Titi mai layi biyar, kowa ya rufe gilashi yana gudu kamar an biyo shi.

Masaukinsu a unguwar Al-Shifa yake, ɗaki biyu, mutum biyar duk 'yan gida. Babbansu Malam Isiyaku, Basakkwace, shekara goma sha biyar yana tuƙa wa wani gida mota, Larabci a bakinsa kamar ruwa. Shi ke dafa musu kabsa, shinkafa da kaza a ƙatuwar tukunya, a juye a faranti ɗaya a kan leda kowa ya sa hannu. Tana da daɗi, sai dai ba ta da faɗa. Da na fito da yajin da Inna ta ba ni, ɗakin ya yi tsit, wani ɗan Gombe har da goge ido, ya ce barkonon ne. Da safe kuma tamis ake ci, wani faffaɗan burodi mai zafi, da dafaffen wake. Rana ta biyu Malam Isiyaku ya kai ni kasuwar Al-Aziziya, na tsuguna ina tambayar kashin tumatir. Mai kayan ya dube ni ya dubi kwali. A can ba a kasawa, kwali guda za ka ɗauka ko ka yi gaba.

Garejin, da suke kira warsha, ya fi wani asibitin da na sani tsabta. Abu Nayif ya tarbe ni da kansa, dogo, mai yawan dariya, yana ce mini mu'allim, wato gwanin sana'a. Aka kawo gahawa a ɗan mitsitsin kofi. Ina shanyewa a sake zubawa, ni kuma a gidanmu ba a mayar da hannun kyauta. Sai da na sha tara, zuciyata na bugawa, kafin Murtala ya raɗa mini cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwandon shararsu. Kayan da ke ciki, da Panteka za a kai su, da an yi rububi. Sau biyu Murtala yana janye ni daga bakin kwandon.

Sannan aka yaye rigar motar. Baƙa ce, ƙofa biyu, tayoyin baya kamar turmi. Abu Nayif ya tayar da ita, na ji ƙarar a ƙirjina kafin kunnena. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai don murna. Na tambaya me ya sa ba za a sa mata giya mai hawa uku irin ta tsere zalla a huta ba. Murtala ya fassara. Abu Nayif ya dafa ƙirji ya ce motarsa ba mara lafiya ba ce da za a ɗauke ta a tirela. Da ƙafarta za ta je fili, ta yi tsere, ta dawo gida. Don haka dole sai da giya ta huɗu, obadiraib, wadda ke barin injin ya huta a dogon titi. Matsalar kuwa, irin wannan giyar don motar zuwa ofis aka ƙera ta, ba don doki ɗari bakwai ba.

Da muka buɗe ta na ga aikin Murtala, kuma aiki ne mai kyau, ko da yake ban faɗa ba. Ya canza sandar da ke karɓar ƙarfin injin da mai kauri. Ya sa ƙoƙon ƙarfe mai tauri a madadin wanda ke tsagewa, ya sa bel mai faɗi da babban fistin da ke matse shi, ya ƙara yawan faifan kuloci, ya ɗora wa man giya na'urar sanyaya shi ta daban. Duk da haka faifan giya ta uku da ta huɗu sun ƙone ƙurmus. Na shinshina su, na ce mai na gudu a wani wuri. Ya ce ya gwada da iska sau uku, babu inda ke yoyo. Na ce da sanyi ya gwada ko da zafi? Ya ce da sanyi.

A nan Panteka ta yi rana. Na sa aka ɗauko tukunyar kabsar Malam Isiyaku, muka cika ta da man giya, muka ɗora a wuta, muka tsoma gangar da faifan ke zama a ciki. Da ta ɗau zafi na toshe ƙofofin da yatsa na hura iskar kwamfuresa. Sai ga kumfa, siririya, tana fitowa daga inda sandar ta shiga gangar. In ƙarfen ya yi zafi sai ya buɗe, mai ya gudu, faifan su rasa mai matse su. Abu Nayif ya tsuguna da farar rigarsa yana kallon kumfar, ya ɗaga kai ya ce, "Mashallah, ya mu'allim." Kaina ya yi girma har ina jin hulata ta matse ni. Malam Isiyaku kuwa ya wanke tukunyarsa sau huɗu, amma kabsar ranar kowa ya ce tana da wani ɗanɗano.

Sabuwar ganga mai zoben ƙarfe a wuya ta iso bayan kwana huɗu. Muka haɗa. Da na zo kan farantin bawul, inda ake tsara yadda giya ke shiga, sai na ga Murtala ya faɗaɗa ƙofofin mai, ya cire sifirin masu laushi ya sa masu tauri. Na gane giyar za ta riƙa shiga da duka kamar harbin jaki. A gaban Abu Nayif da ma'aikatansa na ce wannan aikin 'yan koyo ne, wa ya koya masa haka? Na mayar da faranti na asali, na mayar da sifirin masu laushi. Murtala ya buɗe baki, ya dubi mutanen da ke tsaye, ya rufe. Ya ce, "To, Yaya." Ya miƙo mini sufana.

Ran Laraba aka yi gwaji a wani titi bayan warsha. Na ɗora kofin shayina kamar kullum. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku, shayi ko motsi bai yi ba. Ina ta washe baki. Abu Nayif ya ajiye ni, ya tafi shi kaɗai ya taka totur har ƙasa sau biyu. Da ya dawo ba dariya a fuskarsa. Ya zaro sandar auna mai ya shinshina, ya miƙo mini. Hancina ba ya ƙarya, ƙauri ya fara. Bai ce mini komai ba, ni baƙo ne. Sai ya dubi Murtala ya ce tseren ran Juma'a ne, daga nan kuma halas, wato shi ke nan.

Da rana Murtala bai ci abinci ba. Na ja shi waje inuwar bango, na ce ya gaya mini abin da ke cikinsa. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai ƙila man ne, wai ƙila zafin gari. Sai da na daka masa tsawa ya sunkuyar da kai.

"Yaya, laushin nan da muke yi wa Hajiyoyi, ai zamewa ce. Faifan na gogar juna kafin su kama. A doki ɗari ba komai. A ɗari bakwai wuta ce. Wannan so take ta kama lokaci ɗaya."

Na san haka. A kaina na san shi tun yana yaro. Hannuna ne ya saba da abu ɗaya shekara ashirin da bakwai, har na manta cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Na ce to me ya hana shi faɗa tun shekaranjiya?

"A gaban mutane zan ce maka ba haka ba? Kai ka koya mini aikin."

Na dube shi. Mutumin nan ya gwammace a tattara masa kaya, ya koma Rigasa hannu rabbana, da ya gyara wa yayansa magana a gaban Larabawa. Haushi ya kama ni, kunya ta fi haushin yawa. Sai na ce ya tashi mu je, lokaci na tafiya.

Ranar Alhamis ni ne ɗan koyo. Na wanke kaya, na riƙe fitila, na miƙa sufana. Ya fitar da faifan da suka fara dafuwa ya sa sababbi, ya auna tazararsu da ma'auni har sau uku, ya mayar da farantinsa da sifirinsa, ya ƙara wa famfo matsi. Da farko in zai ce in miƙo abu sai ya ce ko Yaya zai taimaka. Zuwa La'asar ya manta, har ya ce mini in matsa ina tare masa haske. Ban taɓa jin daɗin an kore ni daga wuri kamar ranar ba.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka kama hanyar filin tsere, kudu da gari. Ni a gaba kusa da Abu Nayif, Murtala da Malam Isiyaku na bin mu a wata motar. Da ta shiga ta biyu, ƙeyata ta bugi kujera hulata ta faɗa baya. Abu Nayif ya fashe da dariya ya ce aiwa, haka ake so. A babban titi ta faɗa ta huɗu, injin ya kwantar da murya, muna tafiya muna cin dabino.

Filin kuwa, gani ya kori ji. Layi biyu ne miƙaƙƙu, mita ɗari huɗu da 'yan kai. Kafin a tashi kowace mota sai ta tsaya a kan ruwa ta murza tayoyin baya har hayaƙi ya rufe ta, wai don roba ta yi zafi ta kama ƙasa. Ni da na saba ganin ana lallaɓa taya har sai waya ta fito, na riƙe baki. Ga iyalai a kan darduma da butocin gahawa, ga samari da wayoyi a sama. Murtala ya leƙa tagar Abu Nayif ya ja masa kunne cewa a bar ta a ta uku, ta huɗu ta hanyar gida ce. Fitilu suka sauko ɗaya bayan ɗaya, koriya ta kama.

Jama'a, tayoyin gaba sun ɗaga. Ba sosai ba, kamar taƙi ɗaya, amma sun ɗaga, na gani da idona. Na ji ta biyu ta shiga, na ji ta uku ta shiga, kowace kamar an rufe ƙofar ƙarfe. Kafin in gama salati ta kai ƙarshe. Malam Isiyaku ya ce wai na yi tsalle na rungume wani Bahindiye da ban sani ba. Ban tuna ba, amma ban musa ba. Sau uku ta fita kafin Magariba. Ta ci biyu, a na uku wata farar mota ta wuce ta da tsawon hanci. Ba wanda ya damu. Muka zaro sandar mai, ja wur, ba ƙauri ko kaɗan.

Abu Nayif ya rungume ni, ya goga hancinsa a nawa, irin gaisuwarsu ta girmamawa, ni kuwa na sandare. Ya yi doguwar magana yana riƙe da hannuna. Murtala ne mai fassara, kuma ya fassara ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Wai in zauna, zai yi mini iƙama da ɗaki ni kaɗai. Wai mai giya ɗaya warsha ke bukata, kuma yanzu ya ga wanda ya iya.

Na ce ya gaya masa ni yoyon kawai na gano. Ni na lalata saitin ran Laraba, kuma giyar da ta yi tseren nan daga farko har ƙarshe hannun Murtala ce, ni fitila na riƙe. Na daɗe ina magana. Murtala ya juya ya faɗi kalma uku kacal da Larabci. Ko ban je makaranta ba na san maganata ta fi kalma uku. Na tambayi Malam Isiyaku me ya ce. Ya ce cewa ya yi Yaya na godiya.

Na kama hannun Malam Isiyaku na tsayar da shi a gaban Abu Nayif. Na ce, "Malam, don girman Allah ka faɗa masa duka, kada ka rage ko wasali." Ya faɗa, har da ƙarin nasa na Sakkwatawa. Abu Nayif ya saki hannuna, ya juya ya daɗe yana kallon Murtala. Ya tambaye shi me ya sa ya yi shiru ran da aka canza farantin. Murtala na kallon takalminsa. Malam Isiyaku ne ya amsa, ya ce babban wansa ne. Abu Nayif ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce shi ma yana da wa, kuma har yau bai taɓa zama kafin wan nasa ya zauna ba. Bai ƙara komai a kai ba, ya shiga mota, muka dawo gari ba wanda ya san matsayar da ya ɗauka.

Asabar ta yi mini tsawo. Ran Lahadi da hantsi muna warsha ina ɗaure jakata, saƙo ya shigo wayar Murtala, an sabunta iƙama. Ya karanta sau biyu, ya zauna a kan wata taya, ya kira matarsa Hadiza a Rigasa. Ina ji yana ce mata Yaya ya zo ya fitar da shi kunya. Na fizge wayar.

"Hadiza, kada ki saurare shi. Mijinki ne ya fitar da ni kunya. A aikin nan ya wuce ni, ya wuce ni nesa. Ki gaya wa yaran, ki gaya wa Inna, ki ce ni na faɗa."

 Ta ce shekararta goma sha huɗu a gidanmu, ba ta taɓa jin na yabi kowa ba. Na juya in mayar masa da wayarsa, sai na ga ya rufe fuska da hular aikinsa, kafaɗunsa na rawa. Shekararsa talatin da takwas, ga furfura a gemu, ashe maganar da yake jira ke nan tun yana wanke mini noti a Panteka. Ni kuwa sai da na hau jirgi biyu na tsallaka teku kafin bakina ya iya faɗar ta.